Sawun Agwagwa a Lambun Hajja Habiba

Ranar Litinin da hantsi aka tada injin ban-ruwan Hajja Habiba. Ya yi ta ruri kamar kullum, amma ko ɗigo bai fito a bakin bututu ba. Aka kashe, aka sake tadawa, aka ɗura masa ruwa ta sama, har zaginsa aka yi, duk a banza. Sai aka kira Sambo, wanda shekara ashirin ke nan shi ke nutso a ƙauyensu na Hillar Mati in wani abu ya lalace a ƙarƙashin kogi. Ya tuɓe riga ya shiga, ya ɗan jima, ya ɓullo yana fyace hanci.

"Hajja, balf babu," in ji shi. "Kuma ba faɗuwa yay yi ba, kwance shi anka yi."

Balf shi ne murfin tagullar da ke ƙarshen bututu can cikin ruwa, wanda ke hana ruwan da aka jawo komawa kogi. In babu shi, inji ya zama ƙarfe mai hayaniya kawai. Hajja Habiba kuwa, wadda ke riƙe da lambun tun rasuwar mijinta, kwana biyar ke nan da dasa albasarta, kuma ranar watan Oktoba a ƙasan madatsar Rusairis ba ta san tausayin ɗanyen dashe ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati mai tsawo ba. Ta gyara lulluɓinta ta ce a kira mata Mato.

Mato mai bin sawu ne, ya haura sittin, siriri, mai ƙarancin magana. In ka gaishe shi ƙafarka yake kallo, kuma ba raini ba ne, ta nan ya fi gane mutane. Ya san wanda ke jan dunduniya, ya san wadda ke da juna biyu tun kafin surukarta ta sani. Saboda shi, ɓarawon akuya a hillar sai dai baƙo. Da ya iso ya tarar da rabin gari a gaɓa, ya ja layi da sandarsa ya ce wanda ya tsallake ya kuka da kansa.

Daga inda burtalin shanu ya ƙare, ƙasa mai tauri ta koma laka, a nan sawun ya fara. Kowane ɗaya ya fi kamu tsawo, faffaɗa a gaba, tsukakke a baya, kamar na agwagwar da ta kai raƙumi girma. Ya nufi ruwa, ya dawo. Wata tsohuwa ta fara a'uziyya tana cewa mutanen ruwa ne suka fito.

"Waɗanne mutanen ruwa, Iya?" wani ya ce daga baya. "Takalman ɗan Ramatu ne."

*

Ɗan Ramatu shi ne Bilyamin. Shekara takwas da suka wuce ya tafi Bur Sudan dako, ya ɓuge da aiki a wani jirgin ruwa mai ɗaukar baƙi Turawa. Aikinsa, in ji shi, in dare ya yi a saukar da fitilu cikin Bahar Maliya, shi kuma ya shiga da baƙin su kwanta a kan ruwa, gilashi a ido, bututun numfashi a baki, su kalli wani kifi mai fukafukai da ya fi tabarma uku faɗi, wai shi manta. Mutanen Hillar Mati masunta ne jikokin masunta. Sun san giwan ruwa, sun san tarwaɗa, sun san wanda ke girgiza hannu in an taɓa shi. Kifi mai fukafukai kuwa ba su gani ba, kakanninsu ba su ba da labari ba. Kuma a ce mutum ya taso daga wata uwa duniya don ya kalli kifi, ya koma bai ci ba? Suka yanke cewa yaron ko dai maƙaryaci ne, ko kuwa aikin da yake yi da dare ba na faɗa ba ne.

Duk damina yakan dawo gida, lokacin da zafi ke korar baƙi daga teku. Bana ya zo da kayan aikinsa: gilashin, da bututun, da wasu takalman roba masu faɗi na iyo. Wanda tarunsa ya maƙale, wanda injinsa ya toshe, Bilyamin ya leƙa da gilashi ya gyara cikin ƙiftawar ido, bai karɓi komai ba. Mutane suka ci gaba da ƙaryata shi, suka kuma ci gaba da kiransa, har hanyar gidan Sambo ta fara fitar da ciyawa.

Aka ɗunguma gidan Ramatu. Takalman na rataye a dangar baya, daidai bakin burtali, inda ya saba shanya su. Lakar da ke jikinsu ba ta gama bushewa ba. Tsakanin dangar da gaɓa kuwa shanu sun wuce da asuba sun shafe komai.

"Mato, mi kag gani?" Shehun hilla, Abdulmuttalib, ya tambaya.

"Sawun takalman ga ne. Sun shiga ruwa, sun fito."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma a Hillar Mati in Mato ya ce rabi, gari kan cika sauran, kuma ya san haka sarai. Ya yi shiru ya bar su suka cika, don shi ma a ransa bai taɓa son labaran yaron ba.

Bilyamin ya rantse, ya sake rantsewa, ya ce barci yake har kiran salla. Shehu ya ce ya ba shi zuwa Alhamis da azahar. In balf bai dawo ba, a kai shi wurin shurta, wato 'yan sanda, a Rusairis. Fuskar Bilyamin ta canza. Ranar Asabar jirginsu zai tashi, kuma takardar izinin fita teku da baƙi ba a ba wanda sunansa ya taɓa shiga littafin 'yan sanda. In aka kai shi Rusairis, ko an sake shi washegari, aikin shekara takwas ya tafi ke nan. Ramatu ta shige ɗaki ta saki labule.

Kafin Mato ya tafi gida sai da ya koma gaɓa ya kife sawun da tsofaffin kwanuka, ya kewaye da ƙaya. Al'adarsa ce, ko magana ta ƙare.

*

Mato ya kasa cin abincin rana. Sawun takalmi ya gani, bai ga ƙafar da ke ciki ba, kuma wannan bambancin shi ne sana'arsa gaba ɗaya. Ranar Talata ya ɗauki sanda ya nufi kasuwa.

Ayman bakanike na ƙarƙashin rumfarsa, baƙin mai har gwiwar hannu. Shi ke sayen tsohuwar tagulla yana kaiwa Damazin, kuma Larabcinsa ya fi Hausarsa gudu. Mato ya tambaye shi maganar balf.

"Ya Ammi, ana? Ni, Kawu? Wallahil azim!" Ya jawo buhu ya zazzage a gaban Mato. "Duba da kanka. Famfo, makulli, wagga kuma butar kakata ce. Wanda yas saci balf ɗin Hajja ya kawo mani nan, kusa da gidanta? Sai mahaukaci."

Mato ya tona tarkacen da sanda. Babu balf. Ya tambayi inda Ayman ya kwana ranar Lahadi, Ayman ya ce a gida, shaidarsa matarsa, wadda a ganin Mato za ta shaide shi ko da gari ya gan shi da balf a wuya. Bai cire shi daga zuciya ba, bai kuma riƙe shi da ƙarfi ba.

A hanyar lambuna ya haɗu da Sambo yana tafe yana ɗan jan ƙafar dama.

"Lafiya da ƙafar?"

"Sanyi ne, Kawu. Ruwan bana ya shige ni." Sambo ya kawar da kai wajen kogi. "Yaron ga dai, a yi mashi sassauci. Ni tun farko ban yarda da kayan ga nashi ba, ko taɓa su ban yi."

Mato ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce.

Lambun da ke maƙwabtaka da na Hajja na Yahya ne. Shekara uku suna rigima a kan bishiyar lemo guda da ta tsiro a kan iyaka, kuma a gaban mutane ya taɓa ce mata albasarta ba za ta ga kasuwa ba. Da Mato ya bi iyakar sai ga sawun Yahya sabo fil, na asubar ranar, ya tsallaka cikin lambun Hajja ya dawo, ya sake tsallakawa. Ya bi sawun a hankali har inda ya tsaya, sai ya tarar an fasa kunyar iyaka da fartanya, an buɗe wata 'yar hanya, ruwan injin Yahya ya bi ta nan ya jiƙa layi shida na albasar Hajja.

Yahya ya fito daga cikin ayaba yana muzurai.

"To, ka gani. Sai mi? Albasa ce ta yi mani laifi?" Ya matso ya rage murya. "Kawu Mato, don Allah kada ka faɗa mata. In taj ji, sai ta ce na sallama lemon."

Mato ya yi dariyar da bai yi niyya ba. Amma ruwan Yahya ba zai kai ko'ina ba, sauran lambun ya fara kwanciya, kuma saura kwana biyu.

*

Ranar Laraba da la'asar ya yi sallama a gidan Ramatu. Ta amsa daga bayan labule, ba ta fito ba.

"Ka zo ka ƙarasa abin da kaf fara, Mato?"

Maganar ta soke shi, kuma ya san ya cancanta. Bilyamin na zaune a kan angarib, gadon igiya, a gindin darbejiya, jakarsa a ɗaure a gefe kamar mai jiran mota. Ya miƙe ya ba Mato wuri, ya zauna a ƙasa.

"Ba tambayar balf ta kawo ni ba," Mato ya ce. "Shekara takwas kana ba da labarin aikinka, ban taɓa tsayawa na ji ba. Faɗa mani yadda aka yin shi, tun daga farko."

Bilyamin ya dube shi, yana neman inda tarkon yake. Da bai gani ba, ya fara, murya a sanyaye, sannan ta yi ta warwarewa.

"Bayan isha'i muka fita, Kawu, in ruwa ya kwanta. Mu tsaya wani wuri tsakanin tsibirai biyu, mu saukar da fitilu. Hasken shi ka tara wasu 'yan ƙwari na ruwa, ƙanana kamar garin dawa, su ne abincin mantar. Baƙi su riƙe igiya su kwanta rub da ciki, ni ina zagaya su ina ƙirga kawuna. Sai a jira. Wani dare har a gaji. Can sai ka ga duhun ƙasa ya motsa, ya taso. Baki buɗe, cikinta fari fat, fukafukai daga nan har dangar can. Ta taho kamar za ta haɗiye ka, sai ta yi alkafura gab da ƙirjinka ta koma, ta sake dawowa. Ba ta cizo, ba ta harbi. Doka ɗaya ce, kada ka taɓa ta. Na ga ƙaton mutum mai furfura ya fito yana kuka kamar an yi mashi haihuwa. Ni kaina, dare na farko, tasbihi na kama yi cikin bututu har na sha ruwa."

Nan take Mato ya gaskata shi. Mai ƙarya ba ya ba da labarin da shi ne ya sha ruwa a ciki.

"Su baƙin, sun iya tun daga gida?"

Bilyamin ya yi murmushin farko cikin kwana uku. "Ina! Kafin numfashi, kafin komi, tafiya nike koya masu. Mutum ya sa takalmin ga a tudu, ya ce zai taka gaba kamar mai zuwa kasuwa, bakin takalmin ya naɗe, sai ƙasa. Likitoci, manyan malamai, duk na ɗaga su daga yashi. Da baya-baya aka tafiya da shi, Kawu. Ni ban ma sa shi sai na shiga ruwa. In dole ta sa, ƙafata da kanta ka juyawa."

Mato ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Wa kat taɓa faɗa ma wannan a hillar nan?"

"Ba kowa. Wa ka saurare na?"

"To kada ka faɗa har gobe."

Rana ba ta faɗi ba ya isa gaɓa. Ya janye ƙaya, ya ɗaga kwanukan ɗaya bayan ɗaya, ya tsuguna. Taku huɗu na farko gaba suka nufa, bakin takalmi na kallon ruwa. A na biyar bakin na dama ya naɗe ya tono laka. Ga gurbin tafin hannu biyu da suka zame, ga ramin gwiwar dama, daidai kan wani ɓoyayyen dutse. Daga nan mai takalmin ya juya gefe, hagu na gaba, dama na biyo ta, har ruwa, kuma haka ya dawo. Ranar Litinin Mato ya ga duk wannan, ya ce a ransa santsi ne da duhu, kowa da gefe yake saukar gangare. Yanzu da ya duba da idon da ba ya neman laifin kowa, wurin ba gangare ba ne, shimfiɗe yake kamar tsakar gida. Wanda ya yi sawun nan ranar ce ya fara sa takalman a rayuwarsa, kuma ba don iyo ya sa su ba. Ya sa su ne don ya ɓoye ƙafarsa daga Mato.

*

Alhamis da safe gari ya taru a gaɓa, maza a gaba, mata daga bayan bishiyoyin gabaruwa. Mato ya roƙi Shehu a ajiye mutum huɗu a bayan ayabar Yahya inda ba su ganin kogi: Ayman, da Yahya, da Sambo, da Bilyamin. Ya zaɓi wani fili na sabuwar laka kusa da tsohon sawun, ya ajiye takalman a bakinsa.

"Kafin komi, ni ke da magana," ya ce. "Ranar Litinin takalmi na gani, ban ga ƙafa ba. Na faɗi rabi, na bar ku kunka cika, ina sane. Wannan laifina ne, ba na kowa ba. Yau kowane ɗayansu zai sa takalman ga ya taka zuwa ruwa, ku kalla da idonku."

Aka kira Ayman. Ya ce bai taɓa sawa ba, ya zura ƙafa, ya ɗaga hannu kamar ɗan ƙwallo, ya yi taku uku ya kife. Dariya ta ɓarke har mata na riƙe ciki. Aka kira Yahya. Shi ya ɗaga gwiwa sama kamar zalɓe, ya kai taku shida, har ya fara waiwayen Hajja da alfahari, sai ga shi rub da ciki, rawani a laka. Hajja Habiba ta yi dariyar da ta rama mata shekara uku.

Aka kira Sambo. Ya fito ya ga mutum biyu caɓa-caɓa da laka, ya ga gari na share hawayen dariya, ana jiran na uku.

"Ka taɓa sa su?" Mato ya tambaya.

"Allah ya kiyaye. Na faɗa maka, ko taɓa su ban yi."

Ya zura ƙafa. Da Sambo ya taka gaba ya faɗi kamar sauran, da Mato bai da abin riƙewa sai zato. Mato ya san haka, amma ya san mutumin tun yana goye. Sambo na iya jure yunwa, da sanyi, da minti uku babu numfashi, dariyar mutane ce kawai ba ya iya jurewa. Ya yi taku ɗaya gaba, bakin takalmin ya ɗan kama laka, wani ya ƙyalƙyale tun kafin a je ko'ina. Sai kafaɗar Sambo ta juya. Hagu ta tafi, dama ta biyo ta. Hagu, dama, a tsanake, har ruwa ya taɓa idon sawunsa bai ko tangaɗi ba. 'Yan matasa suka fara tafa masa.

Mato ya sa aka kira Bilyamin. Bilyamin ya sa takalman, ya juya wa kogi baya ba tare da ya ko yi tunani ba, ya tafi da baya-baya yana kallon jama'a, sumul, kamar haka aka haife shi.

Sannan Mato ya ɗaga kwanukan. Ya nuna taku huɗu na gaba, da gurbin faɗuwa, da tafiyar gefe. Ya ɗora sandarsa tsakanin taku biyu na tsohon sawun, ya riƙe wurin da babban yatsa, ya kai kan sabon sawun Sambo. Ko tsinke bai rage ba.

"Wanda ya iya, da baya shika tafiya, kun gani. Wanda bai taɓa sawa ba, gaba shika yi ya faɗi, kun gani sau biyu. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, shi ka bin gefe." Ya juya. "Sambo, ɗaga wandonka na dama."

Sambo bai ɗaga ba. Ya zauna a laka, ya rufe fuska da hannuwa.

"Balf ɗin shina ƙarƙashin saiwar gabaruwar can, na ɗaure shi da waya," ya ce. "Ban yi don in sayar ba. Shekara ashirin ina shiga ruwan ga ido rufe, ina laluben ƙarfe da yatsu, kunnena na hagu ya mutu a ciki. Yaro ya zo da gilashi wata uku, yara na kirana Sambo Lalube. Na ce in anka zarge shi za a daina kiransa, shi ke nan. Ban san maganar shurta za ta shigo ba. Da Shehu ya faɗa, na so in yi magana, bakina ya ƙi buɗuwa."

Shehu Abdulmuttalib ya ce to, motar Rusairis tana nan, mutum kawai aka canza.

"Ni ruwa nike so, Shehu," Hajja Habiba ta ce. "In kun kai shi, albasata shurta za ta sha?"

Shehu ya juya wajen Bilyamin, ya ce shi aka ɓata wa suna, shi ke da magana. Bilyamin na tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, jijiyar wuyansa a miƙe. Ransa a ɓace yake, bai kuma ɓoye ba.

"Uwata kwana uku ba ta leƙa ƙofa ba, Yaya Sambo. Wannan ba ni ka yafe shi ba, sai ka je ka durƙusa mata." Ya matso kusa da Sambo. "Amma kai ka koya mani iyo a nan wurin, ina tsirara. A jirginmu babu mai riƙe numfashi rabin naka, na sha faɗa masu. Gobe ni zan tafi. In an kai ka Rusairis, wa zai yi ma gari nutso?"

Ya aika aka ɗauko gilashin. Ya tofa masa yawu, ya goge, ya ɗauraye, ya ɗaura wa Sambo a fuska, ya ce balf ba ya ɗauruwa da mutum ɗaya cikin sauri, wani ya riƙe wani ya murɗa. Suka ciro balf ɗin daga saiwar gabaruwa, suka nutse da shi tare. Da suka ɓullo, Sambo ya tura gilashin goshi ya tsaya yana juya tafukansa.

"Na ga hannuwana," ya ce, ba da kowa yake ba. "A ƙasa. Na gan su suna aiki."

Aka tada inji. Ya yi tari, ya yi ruri, bututu ya girgiza, ruwa ya yi tsalle ya faɗa kwatar lambu. Mata suka rangaɗa guɗa.

*

A cikin hayaniyar nan, Bilyamin bai ce wa Mato komai ba, Mato kuwa bai ga dalilin da zai sa ya ce ba. Saura kaɗan shirunsa ya cinye wa yaron aikin shekara takwas. Don haka ranar Juma'a, da ya san motar Damazin da hantsi take tashi, ya sulale tun da sassafe zuwa gonar dawarsa da ba ta buƙatar komai, ya yi ta zagaya ta har ya ji ƙarar motar ta yi nisa. Kunya ce kawai, shi ma ya san sunanta.

Da ya dawo, ƙasa ta ba shi labarin da bai tambaya ba. Ga sawun Ramatu, ga na Bilyamin a gefenta, ga na Sambo a bayansu ya nutse fiye da kullum, alamar shi ke ɗauke da jaka. Daga gidanta zuwa tasha taku ɗari biyu ne ta bayan masallaci, amma ba nan ta bi ba. Ta bi ta tsakiyar kasuwa, ta tsaya a rumfar Ayman, ta tsaya wurin masu shayi, ta tsaya a ƙofar Shehu, ta tsaya a kowace ƙofar da aka yi maganar ɗanta, kuma takunta dogo ne kamar na budurwa.

Mato ya bi su a hankali, sai ya ga sawun ya bar hanyar tasha ya karkata cikin lungunsa. A bakin ƙofarsa suka tsaya. Sun daɗe, don Ramatu ta sauya ƙafa har sau huɗu, kuma mota na jira. Gaba kaɗan, daidai dokin ƙofa, ga gurbin takalman tafiyar Bilyamin biyu, inda ya tuɓe su gefe guda ba nauyi a cikinsu, sannan ga yatsun ƙafa goma sun nutse a turɓaya, ga gwiwa biyu, suna fuskantar ɗakin da babu kowa a ciki.

Mato ya jingina sandarsa da bango, ya tsuguna a gefen wurin. Ya amsa gaisuwar da ƙarfi, ya sa masa albarka, kamar yaron na nan.